Kafin Iska Ta Iso Guiuan

Tun watan Yuni nake fara lissafi,
ni Perpetua, mai ɗinki a bayan kasuwar kifi,
tun teku na kwance kamar saniya mai tuƙa,
tun sama ba ta ɓata rai ba.

Shinkafa mudu goma a roba mai murfi.
Gwangwanin kifi, ɗaya-ɗaya nake saye
duk ranar da aka biya ni kuɗin ɗinki.
Ashana cikin kwalba, kwalbar cikin leda.
Jarka huɗu na ruwa, ina sauya su ran Asabar
don kada su yi warin zama.
Takardun haihuwa, takardar fili,
da hoton mijina Anacleto
wanda ruwan waccan shekarar bai dawo da shi ba,
duka na naɗe su, na ɗaura a ƙarƙashin rufi.

Jikata Dalisay tana da usur a wuya.
Na koya mata: busa uku, ki huta, busa uku.
Ta ɗauka wasa ne.
Na bar ta a haka,
ba na so tsoro ya riga iska shiga gidana.

Maƙwabcina Fausto ya leƙo ta katanga
ya ga ɗana yana ɗaure kwanon rufi da igiyar jirgi.
Ya ce, "Ke da ba ki fashin sujada,
ashe ba ki yarda da Mai tsaron naki ba?"
Na ce, "Fausto, miƙo masa waccan igiyar.
Wanda ya ba ni addu'a shi ya ba ni hannuwa,
ban ga ya ce in ajiye ɗaya ba.
Ba a fafe gora ranar tafiya."
Ya yi dariya, amma ya miƙa.

Gaskiya, akwai shekarun da nake tarawa da rawar jiki,
ina ƙirga gwangwani da tsakar dare
kamar yawansu ne zai hana teku tasowa.
Bai hana ba, ba zai hana ba.
Yanzu ina ƙirga sau ɗaya, in rufe akwati,
in ce, Yesu, ga iyakar abin da na iya,
sauran dama can ba a hannuna yake ba.
Sai in yi barci.
Wanda ya taɓa kwanciya a jirgi ana tsakiyar guguwa
ya san yadda ake ba mutum barci.

Ran Alhamis rediyo ya sauya murya.
Masunta suka jawo kwale-kwale har gindin kwakwa.
Muka kai kaji ɗakin girki,
muka haura majami'a, kan tudu,
kowa da ƙunshin da ya riga ya san nasa ne:
Dalisay tocila, ɗana ruwa,
ni maganin hawan jini da littafin addu'a.

Iska ta zo, ta yi ta ihu har asuba.
Wuta ta ɗauke. Wani jariri ya yi kuka, ya gaji.
Can a lungu na hango Fausto
da tsohuwarsa a goye, hannu rabbana,
yana kallon ƙasa.
Na buɗe roba na auna masa.
Ya ce, "Kada in rage muku."
Na ce, "Ba ka rage ba.
Mu uku ne a gida, amma tun Yuni
biyar nake ƙirgawa."

Da gari ya waye muka sauka.
Ayaba ta kwanta, katanga ta tafi,
rufi ya sha wuya, ya karkace, yana nan.
Na tsaya a ƙofa na gode,
sannan na nemi tsintsiya.
Dalisay na bayana cikin taɓo
tana busa usur, uku, uku,
don kawai tana da numfashi.